Neman Wuƙaƙen Aljihu a Zangon Kumasi

Na daɗe ina tara wuƙaƙen aljihu, wato irin waɗanda ruwansu ke ninkewa ya shige cikin mariƙi, kuma duk wanda ya yi nisa a wannan sha'awa ya san cewa abin da ya cika kasuwanninmu na Kano da Kaduna yanzu sabbin kaya ne daga Sin, masu ƙyalli da arha. Tarihi ne ya sa na zaɓi zuwa neman tsofaffi a Kumasi, ta ƙasar Ghana. Garin yana zaune a mahaɗar hanyoyin fatauci biyu: ta kudu, wadda kayan Ingila da na Jamus suka riƙa hawowa ta kanta daga bakin teku, da ta arewa, wadda har gobe manyan motoci ke bi daga Wagadugu da Yamai da Bamako, biranen ƙasashen da Faransa ta mallaka. Hausawa suna kan hanyoyin nan tun zamanin fataken goro, kuma zangon Kumasi ya ƙara cika bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar can, Turawan Ingila kuma suka kama Kumasi a 1896. Lissafina shi ne, inda 'yan kasuwa suka shekara fiye da ɗari suna haɗuwa, ba za a rasa wuƙar kowace ƙasa a aljihun wani ba.

Daga Akra na hau babbar bas, domin ina ɗauke da wasu wuƙaƙe da nake son yin musaya da su, ba a kuwa barin mutum ya shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu. Tafiyar kimanin kilomita 250 ce, ta Nsawam da Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu, sannan Konongo da Ejisu. Na sauka a unguwar Aboabo, gidan wani Alhaji dillalin goro wanda suka yi hulɗa da mahaifina shekaru da dama. Da na gaya masa abin da ya kawo ni bayan sallar isha'i, ya yi dariya har sai da ya gyara zaman hularsa.

"Malam, daga Kano har nan saboda wuƙa? Ai da ka aiko, da na sa yara sun cika maka buhu a kasuwar Kejetia."

Na ce, "Alhaji, ta aljihunka nake son gani."

Ya zaro ta, ya buɗe, sai ga ƙarar nan da duk mai tara wuƙa ya sani, ƙat-ƙat-ƙat, kafin ruwan ya tsaya. Okapi ce. An fara ƙera wannan wuƙa a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin sayarwa a Afirka, aka sa mata sunan wata dabbar dajin Kwango mai zane a ƙafafu, wadda Turawa ba su daɗe da sanin ta ba a lokacin. A 1988 aka mayar da aikin ƙera ta Afirka ta Kudu. Mariƙinta na katako ne, a manya-manyan kuma akwai adon jinjirin wata da taurari da aka dasa da farin ƙarfe. Sifirin ɗinta, wato ƙarfen da ke danne ruwan ya riƙe shi, a waje yake, shimfiɗe a bayan mariƙi, da zobe a jikinsa. Idan ruwan ya buɗe sai ya kulle, ba ya rufuwa sai an ja zoben. Ƙarar da ake ji kuwa haƙora ne a gindin ruwan suke gogar sifirin. Na kai ta kusa da fitila na duba tambarin, na ga hoton dabbar ya kusa shafewa, amma rubutun da ke nuna an ƙera ta a Jamus yana nan. Ke nan wuƙar ta girmi 1988, ta kuma dace da maganar Alhaji cewa tun yana saurayi ya saye ta.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne siffar ruwan. Sabuwar Okapi tana da faɗi, kaifinta ya lanƙwasa sama wajen baki, bayanta kuma an zaftare shi daga kusan tsakiya zuwa tsini, yadda tsinin zai sauko ya yi siriri. Wannan zaftararren baki shi ne siffar da ta fi yawa a wuƙaƙen aljihu, domin tana ba da tsinin huda da kuma lanƙwasar yanka a ruwa ɗaya. Ta Alhaji ba haka take ba. Washi na shekaru ya cinye kusan rabin faɗinta, lanƙwasar bakin ta tafi, tsakiyar kaifin ya ɗan lotsa ciki, har ta koma siririya miƙaƙƙiya. Ya nuna mini dalili ba tare da na tambaya ba: ya ɗauki goro guda, ya sa tsinin a tsagar da ke tsakanin ɓari biyu, ya ɗan murɗa, goron ya rabu. Haka yake yi duk lokacin da zai duba ko ƙwari sun shiga kaya, tsakiyar kaifin kuma da shi yake yanke igiyar huhu. Wuraren nan biyu kaɗai yake wasawa, sai ruwan ya bi aikin.

Masu tara wuƙa a Turai da Amurka sun fi daraja wadda ba a taɓa wasawa ba, mai kwalinta da takardarta, kuma ina fahimtar dalilinsu, tunda ita ce ke nuna abin da maƙerin ya yi nufi. Sai dai a ganina rabin labarin ke nan. Siffar da masana'anta ta bayar iri ɗaya ce a dubban wuƙaƙe, amma wadda dutsen washi ya fitar ta mutum ɗaya ce da sana'arsa, kuma ana iya karanta ta kamar yadda ake gane tsagar gado a fuska.

Washegari bayan la'asar Alhaji ya baza labari a majalisarsu, dattawa suka fara fito da abin da ke aljihunsu, wasu kuma suka aiki jikoki cikin gida. Wani malamin makarantar allo ya miƙo mini wata 'yar ƙarama mai ruwa biyu, mariƙinta na ƙashi ya yi ruwan ɗorawa saboda tsufa. A gindin ruwan akwai tauraro da wata alama mai fiffike huɗu, tambarin Joseph Rodgers na Sheffield, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen ƙira na Ingila. Babban ruwan mai bakin mashi ne, wato kaifi da baya duk sun rusuna sun haɗu a tsakiya, kuma kusan sabo yake. Ƙaramin ruwan ne ya sha aiki, har ya zama kamar tsinke. Asalin wannan ƙaramin ruwa a Turai shi ne fiƙe gashin tsuntsu da suke rubutu da shi kafin zuwan alƙalamin ƙarfe, shi ya sa ake yin sa gajere, siriri, mai saurin juyawa a hannu. Malamin bai san wannan tarihi ba, amma aikin da yake yi da shi ke nan: fiƙe alƙalamin kara, da tsaga bakinsa domin ya riƙe tawada. Ya fiƙe ɗaya a gabana da yanka uku ko huɗu, ya gwada a kan allo. Na yi masa tayin musaya da sabuwar Opinel, wata wuƙar Faransa, ya karɓa ya jujjuya ta, ya yaba, ya mayar mini. Ya ce ruwanta ya yi wa alƙalami girma. Gaskiyarsa ce kuwa, domin lamba 8 da na kawo tsawon ruwanta santimita 8.5 ne.

Opinel ɗin ta sami mai so daga baya, wani mai sayar da lemo da abarba. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie na Faransa a 1890, a 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12, zoben ƙarfen da ake murɗawa a kulle ruwan kuma a 1955 aka ƙara shi. Ruwanta siriri ne ƙwarai daga baya zuwa kaifi, shi ya sa take ratsa 'ya'yan itace ba tare da ta farfasa su ba. Aibinta a gari irin Kumasi shi ne mariƙin katakon yana kumbura idan ya sha laima, ruwan ya ƙi fitowa. Na nuna wa mutumin dabarar mutanen Savoie, wato a buga ƙarshen mariƙin a kan tebur sai bakin ya leƙo.

Wuƙar da ta fi tsaya mini a rai wani dattijo ne ya kawo ta, naɗe a tsumma. Ta mahaifinsa ce, wanda ya yi soja a rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya je yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi wannan yaƙi a runduna ta 81 da ta 82, kuma a wancan zamani Hausa ce harshen bariki a Gwalkwas, har ga waɗanda ba Hausawa ba. Wuƙar mai nauyi ce, mariƙinta baƙi mai ƙyasfi-ƙyasfi domin kada ya zame, tana da mabuɗin gwangwani da ƙaton tsinken ƙarfe na kwance ƙullin igiya, da maratayi a ƙarshe. A jikinta an buga 1943 da alamar kan kibiya, wadda gwamnatin Ingila ke sa wa kayanta. Ruwan irin wanda Turawa ke kamantawa da kofaton tunkiya ne: kaifin miƙe yake sak, bayan kuma ya gangaro ya same shi, babu tsinin kirki. Hikimar ita ce a yanka igiya ko tamfol a kan katako da dukkan tsawon kaifin, kuma idan hannu ya goce kada a soki kai ko abokin aiki. Wannan ruwa bai sauya siffa ba, domin miƙaƙƙen kaifi a kan shimfiɗaɗɗen dutse daidai yake cinyewa. Faɗinsa kawai ya ragu.

Na ce, "Baba, ba zan yi maka tayi ba, na san ba ta sayarwa ba ce. Izinin ɗaukar hoto da awo nake nema."

Ya ce, "Auna, ɗana. Da ka yi tayin ma, da mun ɓata."

Na shimfiɗa ta a takarda na zagaye ruwan da fensir. Wannan ita ce al'adata da duk wuƙar da ba zan samu ba, kuma littafin zanen ya fi akwatin wuƙaƙena cika. Saboda wannan wuƙa na je gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Kumasi, wadda Turawa suka gina a 1897, aka kuma yi musu ƙawanya a cikinta a yaƙin 1900 da Yaa Asantewaa ta jagoranci mutanen Asante. Bindigogi da tutoci da hotunan yaƙi ne suka fi yawa a can, amma ziyarar ta sa na fahimci duniyar da wuƙar ta fito.

Kejetia ba ta ɗauke ni lokaci ba. Sabon gininta yana da rumfuna sama da 8,000, wuƙaƙe kuma tuli ne a wurin masu kayan ƙarfe, sai dai kusan duk kwaikwayo ne. Na ga masu kama da Okapi da yawa, da zobensu da taurarinsu, amma taurarin fenti ne, sifirin ɗin kuma gwangwani ne da yatsa ke lanƙwasawa. Wanda zai saya ya buɗe ruwan ya girgiza shi hagu da dama. Idan yana rawa, ƙusar gindin ba ta da kirki. Ya kuma duba ko tambarin bugawa aka yi ya nutse cikin ƙarfe, ko kuwa shafa shi aka yi a sama.

A kasuwar albasa na sami abin da na fi sa rai. 'Yan Nijar ne ke da rinjaye a can, masu kawo albasar Galmi da ta Agadas, kuma wurin ɗayansu na ga wata siririyar wuƙa fara yana yanke bakin buhu da ita. Douk-Douk ce, ƙirar gidan Cognet da ke Thiers a Faransa tun 1929. Wuƙa ce mai sauƙin gini ƙwarai, gaɓoɓinta shida kacal: ruwa, sifirin, falle ɗaya na ƙarfe da aka ninke ya zama mariƙi, ƙusa biyu, da maratayi. An yi ta ne domin tsibiran tekun Fasifik, aka zana wani dodon mutanen can a mariƙinta, amma ba ta karɓu ba, sai aka karkata da ita Arewacin Afirka, inda ta zama wuƙar kowa a Aljeriya. Saboda Musulmi da yawa ba sa son hoton mai siffar mutum, kamfanin ya fitar da wata mai suna El Baraka, wadda aka sa wa alamar Agadas ta Buzaye a madadin dodon, kuma irin ta ce a hannun mutumin. Asalin ruwanta yana da ɗan doro kusa da baki, tsinin ya ɗaga sama irin na takubban Turkawa, da zanen furanni a jiki. Nasa zanen ya goge ƙaf, kuma tsinin ya taɓa karyewa, sai ya goga bayan a dutse har ya gangaro ya sadu da kaifi. Ba da niyya ba ya mayar da ita mai kofaton tunkiya, ya kuma ce ta fi masa haka, domin yanzu ba ta huda albasa idan yana farke buhu. Mun yi ciniki mai tsawo da shayi a tsakani. Bai yarda da kuɗi kaɗai ba, sai da na haɗa masa da wata Mercator, baƙar wuƙar Solingen mai hoton kyanwa tana tsalle, wadda ita ma mariƙinta ninkakken ƙarfe ne, kuma tana da makulli.

Duk waɗannan tsofaffin wuƙaƙe na baƙin ƙarfe ne, mai tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa Harry Brearley ne ya gano shi a Sheffield a 1913, kuma shi ya mamaye kasuwa a yau. Amma ban sami dattijo ko ɗaya a zango da ya fifita shi ba, ko da yake damina biyu ake yi a Kumasi, laima kuma ba ta barin ƙarfe ya huta. Hujjarsu ita ce baƙin ƙarfe yana ɗaukar kaifi da ɗan gugar dutse, ko ma a gefen siminti, alhali farin ƙarfe mai arha santsi yake yi a kan dutse, kaifinsa kuma ba ya daɗewa. Maganin tsatsa a wurinsu ɗan man kaɗe ne a shafa bayan an goge. Ruwan goro yana rina ƙarfe ya yi duhu, kuma wannan duhun yana rage tsatsa, don haka ba sa kankare shi. Ni ma ba na kankarewa a wuƙaƙen da na tara, kuma ina ganin kuskure ne babba mutum ya sami tsohuwar wuƙa ya kai ta injin gogewa don ta yi ƙyalli, domin tambari da shekaru duk suna tafiya tare da dattin.

Na leƙa gidan tarihin Manhyia, fadar sarkin Asante, inda a 2024 aka baje kayayyaki 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka ba da aro, waɗanda yawancinsu aka kwashe daga fadar Asante tun harin Turawan Ingila na 1874. Takubban sarautar Asante ba su da alaƙa da aljihu, amma mai nazarin siffar ruwa zai tsaya a kansu: ruwan yana faɗaɗa ne wajen baki yana lanƙwasa, a wasu an huhhuda shi da zane, mariƙin kuma dunƙule biyu ne da aka lulluɓe da zinariya. Ruwa ne da aka yi domin a ɗaga a gani a wurin rantsuwa da taron fada, shi ya sa dutsen washi bai taɓa sauya masa kama ba.

Sauran lokacina a Suame Magazine na ƙarar da shi, unguwar da dubban makanikai da masu walda da maƙera ke aiki a arewacin gari, domin El Baraka ɗin tana buƙatar gyara: ƙusar gindinta ta saki, ruwan yana rawa. Alhaji ya haɗa ni da wani maƙeri Bahaushe wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Sakkwato. Ya ɗora ta a kan uwar maƙera, ya ba ƙusar bugu kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma, yana buɗewa yana rufewa bayan kowane bugu, har rawar ta tsaya ba tare da ruwan ya cije ba. Shi wuƙaƙen mahauta da na masu tsire yake ƙerawa daga tsohon sifirin mota, masu kube, kamar yadda maƙeranmu suka saba. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba ya yin mai ninkewa. Ya ce ruwan ba shi ne wahala ba, sifirin ɗin baya ne: idan ya yi tauri da yawa ya karye, idan ya yi laushi ya saki, kuma kafin ya daidaita guda ɗaya ya ƙera wuƙar fawa biyar, ga shi ba wanda zai biya kuɗin wannan wahala alhali ta Sin tana nan a banza.

Duk da haka ya jawo wata daga cikin akwatin kayan aikinsa, wadda ya yi wa kansa. Ba ta da sifirin ko makulli. Ƙusa ɗaya ce ta riƙe ruwan a cikin tsagaggen katako, gindin ruwan kuma ya zarce baya ya zama ɗan harshe da babban yatsa ke dannewa lokacin yanka. Wannan ita ce hanya mafi tsufa ta yin wuƙa mai ninkewa, kuma a kanta aka gina Higonokami ta Japan. Ruwan nata mai bakin lauje ne, ya lanƙwaso ciki, irin wanda manoma a Turai ke datse rassan inabi da shi. Shi kuwa wayar lantarki yake feɗewa da ita, da yankan robar tayar mota, domin ƙugiyar tana riƙe abin da ake yanka ba ta barin sa ya zille. Na roƙe shi ya sayar mini, ya ce wannan ta saba da hannunsa, amma zai ƙera mini wata.

Na zauna a kan benci ina kallo. Ya yanko guntun sifirin, ya sa a wuta yaronsa yana juya fankar hura gawayi, ya buga shi ya yi faɗi, ya lanƙwasa bakin a gefen uwar maƙera, ya gyara da magagari. Ya mayar da shi wuta har ya yi ja, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya ɗan gasa shi sama-sama yana lura da launin, da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa sai ya janye, domin a rage masa gautsi. Da ya zo haɗa mariƙi ya tambaye ni aikin da zan yi da ita, don ya san yadda zai fitar da kaifin. Na ce ajiyewa zan yi tare da sauran. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce to ba zai wahalar da dutsensa ba, ya miƙo mini ita da kaifin magagari kawai, ya rage mini wani abu a kuɗin.